Hawa Tudu da Jatau

Mun bar Riruwai ana sallame asuba,
ni da Jatau, da gorar ruwa, da ƙuli-ƙuli a aljihu.
Ya ce kada in sa takalmin zuwa makaranta,
wai dutse bai san girman malami ba.
Na sa abina.
Kafin hantsi na ba shi gaskiya.

Raɓa ta jiƙa mu har cinya.
Gamba ta fi mu tsawo, muna wucewa tana rufe hanya
kamar ba ta taɓa ganin mutum ba.
Makwarwa ta tashi daga gindin ƙafata, fir!
Zuciyata ta bi ta.
Jatau ya yi dariya har sai da ya dafa marke.

Shekara talatin ina koya wa yara taswira,
ina zana tudu da alli, layi a kan layi.
Ban taɓa gaya musu ana hawansa da haki ba,
don ni ma sai yau na sani.

A can sama babu gona, babu shinge,
babu mai cewa daga nan zuwa nan nawa ne.
Fili ne shimfiɗe, ciyawarsa gajera, launin gashin raƙumi,
ga duwatsu zube kamar shanun da suka kwanta tuƙa
makiyayi ya manta da su.
Iska na zuwa ba sallama,
ta cika mini riga, ta wuce.

Rema uku a kan falalen dutse suna shan rana.
Suka dube mu irin duban da dattawan bakin kasuwa
ke yi wa baƙon da bai gaishe su ba,
sannan suka shige tsaga, ɗaya bayan ɗaya.
Shaho yana tsaye a iska, ko fiffike bai kaɗa,
inuwarsa ce kawai ke yawo a ƙasa.

Jatau ya tsuguna: sawun gada, na daren jiya.
Gaba kaɗan ga ƙayar beguwa, fari da baƙi,
na soke ta a hula, tsarabar jikata Tabawa.
Can ƙasan kwari gwaggon biri ya yi haushi sau biyu,
babu wanda ya amsa masa sai dutse.

Sai muka iso bakin wani rami mai koren ruwa,
zalɓe na tsaye a gefe da ƙafa ɗaya.
Jatau ya daina magana.
Da ya gaji da shirun ya ce,
nan ubana ya bar ƙarfinsa.
An kwashe kuza an bar mana rami,
Allah ya cika ramin da ruwa,
kwaɗi suka ci gado.
Ya ɗauki tsakuwa zai jefa,
ya juya ta a hannu, ya mayar inda take.

Mun yi alwala da ruwan da ya kwana a kwarmin dutse,
sanyinsa har cikin haƙori.
Goshina ya taɓa dutse mai ɗumi.
Waya a aljihu ta yi tsit tun safe,
duk mai nemana yau sai dai ya hawo.

Saukowa ta fi hawa wuya, ba wanda ya faɗa mini.
Tafin takalmin hagu ya buɗe baki,
Jatau ya ɓare ɓawon kalgo ya ɗaure masa shi.
Muka tsinci ɗinya a hanya, bakinmu ya yi baƙi ƙirin
kamar yaran da suka sha tawada.

A bakin gari ya ce, Malam, za ka sake?
Na ce ya tambayi gwiwoyina.

Amma da dare, na kwanta na rufe ido,
ciyawar nan ba ta daina kaɗawa ba,
kuma har yanzu akwai tsakuwa ɗaya a cikin takalmin
da na ƙi zazzagewa.